Fodkas: Yaran Koriya ta Kudu da kuɗi, wa ke koya musu?

Bashir: Tun makon jiya zaurenmu na WhatsApp bai huta ba kan maganar nan. Anti Hadiza, ke kika tayar da ita.

Hadiza: Ni ce, don abin ya tsaya mini a rai. A 2020 KakaoBank, wani bankin intanet na Koriya ta Kudu, ya fito da asusun yara 'yan shekara 14 zuwa 18, yaro ya buɗe ta wayarsa, a ba shi kati. Kashe kuɗi ya zama wasa. Makaranta kuwa, da an tashi yaro zai wuce hagwon, wato lesin na kuɗi, har dare, duk don Suneung, jarrabawar shiga jami'a ta watan Nuwamba. Abin da ba zai ƙara masa maki ba, wa zai zauna koya masa?

Sani: Ya rage ga gida ke nan.

Hadiza: Gida ne. Ranar Seollal, sabuwar shekararsu, yara kan durƙusa su gaida manya, a ba su kuɗi...

Bashir: Barka da Sallah!

Sani: "Kawo in ajiye maka."

Bashir: Allah ya ja zamanin iyaye mata! Ajiyar nan har yau ana jira.

Sani: In ka tambaya a ce da su aka ɗinka maka kayan Sallah.

Bashir: Kayan da aka ɗinka tun kafin azumi!

Sani: Ko a ce an saya maka tunkiya tana ƙauye.

Hadiza: Ku bari in ƙarasa mana. Su ma can suna wannan tsokanar da iyayensu mata. Amma wasu iyayen sukan sayi hannun jarin Samsung Electronics da sunan yaron, kuma doka ta yarda a ba yaro har won miliyan 20, kuɗin ƙasar, cikin shekara goma ba haraji. Wannan yaron yana ganin farashi na hawa da sauka, ana hirar a wajen cin abinci. Wanda gidansu ba hali fa? Shi ne masu ba da rance a shafukan sada zumunta ke kamawa. Yarinya na son kayan mawaƙin da take so, ko yaro na son sayen abu a gem, a tura musu ɗan kuɗi kaɗan, cikin kwanaki su biya da ƙarin "ladan wahala", in sun makara a ɗora tara. Tun farko an karɓi hoton katin makaranta da lambar iyaye, sai barazana. Hukumar sa ido kan harkar kuɗi ta ƙasar ta sha yin gargaɗi a kai.

Sani: Ai na ji an kawo darasin kuɗi a sakandare.

Hadiza: An kawo, amma na zaɓi ne, Malam Sani. Yaron da ke fafutukar shiga jami'a a Seoul zai...

Bashir: Anti, lokaci ya cinye mu. Saƙonnin masu sauraro sai mako mai zuwa.