Lacca: Kai aikin ƙaramar hukuma cikin "gajimare"

Na kwafo wannan daga rikodin ɗin laccar da wani malamin kwamfuta ya yi ma ma'aikatan ƙananan hukumomi a Gusau. Farkon akwai hayaniya, daga inda murya ta fito na soma.

...to ranka ya daɗe shugaban taro, iyayena ma'aji-ma'aji, daraktocin ma'aikata, 'yan rebenu, assalamu alaikum. Ita kalmar kulawud ɗin nan da ake ta faɗi, gajimare kenan da Hausa, kada wani ya ɗaga kai yana neman hadari (dariya). Kwamfutoci ne manya na wani kamfani, an tara su cikin gini guda mai sanyi inda wuta ba ta ɗaukewa, kai kuma ka kama haya kana aje bayananka can kana buɗewa ta intanet. Duk mai Gmail a nan ya daɗe cikin gajimare bai sani ba. Wayarka ta faɗa rijiya, ka sayi wata, lambobin mutane suka dawo gaba ɗaya, to shi kenan fa.

Mi ya haɗa wannan da sakatariya? Shekarun baya an kira ni wata ƙaramar hukuma, ba zan faɗi suna ba, wai kwamfutar albashi ta ƙi tashi. Na tarar sunan kowane ma'aikaci, matakin albashinsa, lambar akawun ɗinsa, duk suna cikin laftof guda ta wani akawu, ita ma yaransa na kallon fim da ita da dare. Na ce ina kwafin? Aka kai ni sito aka buɗe kabad, wallahi fayil ɗin farko da na ɗaga ƙasa ce ta zubo min a riga, gara ta cinye rabin rajistar rumfunan kasuwa. Albashin watan nan sai da ya yi latti, mutum ɗaya ya riƙe gari bai ma sani ba.

Kuma yanzu zance ya canza. Ran 11 ga Yuli 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a riƙa ba ƙananan hukumomi 774 kuɗinsu kai tsaye, mu nan Zamfara 14 gare mu. Yadda ake aiwatarwa wannan ku kun fi ni sani, ba zan shiga siyasa ba. Amma duk ranar da kuɗi ya zo hannunka, odita kai zai tambaya, ba zai karɓi "gara ta ci" ba. Gwamnatin tarayya ma ta riga ta nuna hanya, NITDA, hukumar bunƙasa fasahar sadarwa ta ƙasa, ta fitar da tsarin amfani da gajimare tun 2019, ga Galaxy Backbone kamfanin gwamnati ne yana da wurin aje bayanai a Abuja, ga na waje irin su Microsoft da Amazon da Google.

Sai dai ni ban zo tallar kowa ba, don haka ku saurari nan da kyau. Wa ya manta Satumbar 2021? Aka rufe layukan waya a jihar nan gaba ɗaya saboda tsaro, makonni mutane na shiga mota su tafi Funtuwa ko Sakkwato don kawai su kira ɗan uwa ko su tura kuɗi. To a ce lokacin duk rasit ɗin haraji da bocar albashi suna gajimare kuma babu wata hanya, ya za ku yi? Ko yau ma ka bar Gusau ka nufi wasu ƙauyukan Maru ko Zurmi ka ga yadda sabis ke yi. Saboda haka duk wanda ya kawo muku manhaja, tambayar farko ita ce tana aiki in babu sabis? Ya kamata ɗan rebenu ya yanka rasit ranar kasuwar Talata Mafara ko da babu intanet, wayar ta riƙe, in ya shigo inda sabis yake ta tura da kanta. In mai kawowa ya fara kame-kame, ku ba shi ruwa ya sha ya tafi.

Wuta kuwa ba sai na faɗa ba, ku sa sola da batir a kasafin tun farko.

Sai kuɗi. Gajimare haya ce, ba saye ba ne, kowace shekara sai an biya, kuma farashin kamfanonin waje da dala yake tafiya. Farkon 2023 dala ba ta kai naira 500 ba a farashin gwamnati, a 2024 ta haura 1,500. In ciyaman ya sa hannu bana, wanda ya gaje shi ya ƙi biya, a rufe muku akawun da bayananku ciki.

Abin da ya fi damuna ma shi ne makulli. Na ga inda ɗan kwangila ya buɗe komai da imel ɗinsa na kansa, aka yi rigimar biya, ya kashe waya. A buɗe da sunan hukuma, a rubuta cikin yarjejeniya cewa duk ranar da aka rabu zai miƙa bayanan yadda za a iya buɗe su wani wuri. Kuma kowa da nasa fasawod, a daina rubuta shi a takarda ana liƙawa jikin allon kwamfuta, na ga Alhaji can baya yana sunkuyar da kai (dariya). Akwai dokar kare bayanan jama'a ta 2023, BVN da NIN ɗin ma'aikaci amana ce a hannunku.

Kafin a ɗora komai kuma a tace. In jerin albashi na da mamaci da mai suna biyu, haka za su hau gajimare su ci gaba da karɓa. A fara da albashi kaɗai, a tafi da shi tare da takarda wata uku ana gwadawa, in lissafi ya yi daidai sai a kama harajin kasuwa.

Na'am Baba ma'aji, tambayarka? Wai ko ana iya ganin wanda ya canza lissafi a ciki? Eh, ana iya gani, duk wanda ya taɓa adadi sunansa da lokacin na fitowa, shi ya sa wasu ba za su so abin ba, kuma...

Nan aka kira sallar azahar, rikodin ɗin ya yanke.