Mai Ciwon Sukari da Abincin Rumbunsa

Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da warhaka. Yau da manoma nake magana, musamman wanda aka auna a asibiti aka ce yana da ciwon sukari, ya dawo gida yana kallon rumbunsa kamar abokin gaba.

Wani dattijo ya taɓa samuna, ya ce ya sayar da buhu biyu na gero ya sayo garin alkama, wai an ce masa shi ne abincin masu sukari. Wallahi abin ya dame ni. Baba, alkama ma hatsi ce, in ta shiga ciki sukari take zama, kamar gero, kamar dawa. Haka acha da ake nomawa a Filato da kudancin Kaduna: abinci ce mai kyau, amma ba magani ba ce. Abin da ke rumbunka ya ishe ka. Gyaran yana wurin sarrafawa da kuma yawan da kake ci.

Mu fara daga turmi. Uwargida, in kin surfe gero ya yi fari tas, kin zubar da dusa, to abin da ke rage wa sukari gudu a jini ne kika ba awaki. Ki wanke, ki shanya, a niƙa da dusarsa. Kuma kada ya yi laushi kamar hoda. Shi ya sa koko da kunun da aka tace suke ɗaga sukari da sauri: ruwa ne, ba tauna, nan da nan ya shige jini. Fura kuwa, a dama kaɗan, nono ya fi yawa, ba sukari, ba zuma. E, zuma ma. Na san za a yi mini gardama, amma mai na'urar awon sukari a gida ya sha zumar ya auna ya gani.

Sai kwano. Ki raba shi a ido: rabi ganye, kwaɗon zogale ko rama da ƙuli-ƙuli, ko alayyahu, ko miyar kuɓewa mai kauri. Sauran rabin ki raba biyu, gefe wake ko ƙwai ko kifi, gefe tuwo. Malmala ɗaya daidai dunƙulen hannun mai ci, ba irin wadda ake ɗora wa mai gida ta cika akushi ba. Wake kam ku riƙe shi da kyau, ya fi tuwo jinkirin ɗaga sukari. Ɗanwake ma a rage masa garin rogo.

Ganyen nan, tun da damina ake tanadinsa. A busar da zogale da kuka da kuɓewa a inuwa, a ɗaure a buhu, don watan Maris da Afrilu lokacin da lambun bayan gida ya bushe ƙayau. Lokacin mangwaro kuma, ƙarami ɗaya, ba a zauna gindin bishiya ba. Rake da lemon kwalba a bar su.

Yanzu ku saurara da kyau, nan ne ake rasa rai. Wanda ke allurar insulin ko shan ƙwayar maganin sukari ta glibenclamide, kada ya tafi noma da yunwa. Aikin fartanya yana cinye sukari. In ka ji rawar jiki, gumi mai sanyi, ido na duhu, to sukari ya faɗi, a na'urar awo ƙasa da 70 mg/dL ke nan. Ka ajiye fartanya, ka sha babban cokali ɗaya na sukari a ruwa, ka jira minti 15, sannan ka ci abinci. Ka riƙa ƙulle sukarin a leda cikin aljihu, ka kuma gaya wa yaran da kuke noma tare.

Kuma kada a daina magani don an fara cin zogale. Awon safe kafin a karya, galibi ana son ya tsaya tsakanin 80 da 130. In kullum yana haurawa, a koma asibiti. Takalmi kuma dole ne a gona, domin ƙafar mai sukari kan daina jin ƙaya. Kowane dare a wanke ta, a haska tocila a duba har tsakanin yatsu. Mako mai zuwa kan ƙafar za mu tsaya. A kwana lafiya.