Kafin Katafila Ta Shiga: Bututun Ruwa Da Abin Da Ke Binne A Ƙasa

Assalamu alaikum. Na baya kuna ji na? To madalla. Abu huɗu zan faɗa a kan binciken kayan tarihi da ake yi kafin a shimfiɗa bututun ruwa.

Na farko, tun aikin yana kan takarda ake farawa. A duba tsofaffin taswirori da hotunan tauraron ɗan Adam, a tambayi dattawa ina kufai, ina tsohuwar maƙabarta. Sannan a taka hanyar da ƙafa, ana duban tsingaro da kashin maƙera. Gini fili ɗaya yake ci, amma bututu kilomita da yawa yake ratsawa, kuma sau da yawa kusa da kogi yake bi. To ina mutanen dā suka zauna in ba bakin ruwa ba?

Ku tsaya, wannan maganar ta ruwa ba na gajiya da ita. A 1987, wani makiyayi a Dufuna, cikin Yobe ta yanzu, yana haƙa rijiya, ya kai wajen mita 5, sai ya ci karo da katako. Ashe kwalekwale ne, tsawonsa ya haura mita 8, shekarunsa kimanin 8,000! Sai a 1994 aka fito da shi. A Sin ma, 1974, manoma masu haƙa rijiya ne suka gano tsofaffin mutum-mutumin sojoji na yumɓu kusa da birnin Xi'an. Duk neman ruwa. To da hannu suka haƙa, jama'a, da hannu, shi ya sa suka ji abin suka tsaya. Ita katafila fa? Kafin direba ya gyara hularsa ta wuce.

Kuma ba fasa tsohuwar tukunyar da ke binne kaɗai ne ɓarna ba. Ƙasa hawa-hawa take, na ƙasa ya girmi na sama. Gawayin da ke gefen tukunya shi ake gwadawa a san shekarunta. In aka cakuɗa su, tukunyar tana nan, amma labarinta ya tafi har abada. Har abada fa.

Na uku... ko na biyu ne? Akwai na'urorin da ke leƙa cikin ƙasa ba tare da tono ba, sai kuma ramukan gwaji a inda ake zargin akwai wani abu a binne. Lokaci ya ja. Hajiya, kin ɗaga hannu, bismilla.

Tambaya: Malam, mutane suna fama da ƙishirwa, ba za ku riƙe musu aiki ba?

Allah ya saka, tambaya ce mai nauyi. Hajiya, jinkirin da kike tsoro, rashin binciken ne ke kawo shi. A Istanbul, aikin jirgin ƙasa na Marmaray ya ci karo da tsofaffin jiragen ruwa 37 binne a unguwar Yenikapı, ya yi jinkirin shekaru. Karkata layin bututu a kan taswira ya fi sauƙi nesa ba kusa ba a kan tsayar da ɗan kwangila da injinansa. Kuma a rubuta cikin kwangilar: in an ga wani abu, a tsayar da tono a wannan gurbin kawai, a killace, a kira hukumar adana kayan tarihi, sauran ma'aikata su ci gaba a gaba. Injiniya, na ga kana gyaɗa kai, zo ka karɓi lasifikar ka faɗa mana yadda kuke rubuta shi.