Kurkum zai iya maye gurbin asfirin?

Saƙon ya zagaye WhatsApp: wai tunda kurkum da kori da barkono suna ɗauke da salisilet, sinadarin da ake haɗa asfirin da shi, mai ciwon zuciya zai iya ajiye ƙaramin asfirin ɗinsa ya koma yaji. Salisilet ɗin kam akwai shi, har cikin ganyen shayi. Sai dai akwai abin da babu.

 Asfirin salisilet ne da aka liƙa wa wani ɗan guntu mai suna asetil. Ɗan mitsitsi ne. Aikin duka nasa ne.

Idan mutum ya yanke, wasu ƙananan ƙwayoyin jini da ake kira filetilet su ke rugowa su manne da juna su toshe wurin. Abin da ke kiran 'yan'uwansu shi ne sinadarin toromboksen, wanda wani furotin mai suna COX-1 ke ƙerawa a cikinsu. To, da asfirin ya iso, sai ya ɓalle asetil ɗin ya bar shi maƙale a jikin COX-1, kamar makullin da ya karye cikin kwaɗo. Ba ya fita. Filetilet kuma ba ta da cibiyar da za ta ƙera sabon kwaɗo, haka za ta zauna har ƙarshen rayuwarta, kwana 7 zuwa 10. Shi ya sa miligiram 75 sau ɗaya a rana ya wadatar, alhali asfirin kansa cikin minti 20 rabinsa ya bar jini.

Salisilet na miya ba shi da asetil. Ko mudu guda na kori aka zuba, kwaɗon na nan lafiya. Harshe ne kawai zai ji jiki.

Af, "tsinka jini" da muke cewa ma ba daidai ba ne. Kaurin jinin bai canja ba, mannewar ce ta ragu.

Abu uku a gurguje. Maganin ciwo ibufurofen kan tare ƙofar COX-1, don haka a sha asfirin tukuna, a jira aƙalla minti 30 kafin a sha ibufurofen. Sannan mai lafiya kada ya fara shan asfirin don kansa: yana iya sa ciki zubar jini, musamman ga mai olsa, kuma ba a ba yaro ƙasa da shekara 16 sai da umarnin likita. Wanda aka sa wa ƙarfen buɗe jijiyar zuciya kuwa, daina shan asfirin ba da sanin likita ba na iya toshe jijiyar cikin kwanaki.