Shirin tsakar gida kafin suna ko ɗaurin aure a Yamai

Assalamu alaikum, jama'a. In biki ya matso, hankalin kowa yana kan rago da shinkafa, sai a bar wurin zaman baƙi sai daren jajibiri. Alhali gyaran ƙasa kwana uku yake ci.

A fara da tsinta. Tsintsiya ba ta kwashe tsidau da ƙarangiya, binne su take yi cikin rairayi, sai yaro ya taka. A bi filin da manjagara, sannan a ja tsohon bargo a ƙasa, ƙarangiyar za ta manne masa. Tarin bulo da itacen girki kuwa a ɗaga su da rana tsaka, da sanda, don nan kunama ke fakewa. Duk wani gwangwani ko tsohuwar taya mai ruwa a kife tun da sauran mako, saboda sauro kwana 7 zuwa 10 yake yi daga ƙwai zuwa tashi.

Yanzu ga inda aka fi kuskure: kashe ƙura. Wasu sai safiyar taro su malala ruwa, wuri ya zama caɓi, tabarma ta jiƙe, shaddar baƙi ta ɓaci. Yayyafi ake yi, bayan la'asar, kwana uku a jere. Garwa ɗaya mai lita 20 ta ishi fili mai mita 2 a mita 5. Kowane yayyafi yana sauka a kan na jiya, ƙasa ta kama jikinta a hankali. Ranar taro sai ɗan kaɗan, awa biyu kafin shimfiɗa. Ku damƙi ƙasar: in ta dunƙule ba ta ɓata tafin hannu ba, ta yi.

Gidan da ke da shukakkiyar ciyawa, a yanke ta da sauran kwana uku, kada a cire fiye da kashi ɗaya cikin uku na tsawonta, in ba haka ba ta yi ja. A daina ba ta ruwa tun jajibiri, kada ƙafar kujera ta nutse.

Sai rumfa. Suna da sassafe ake yi, amma zaman mata yakan kai yamma, don haka ku tsaya a filin da hantsi da kuma la'asar ku ga inda inuwar dogon yaro take faɗawa. Daga Maris zuwa Mayu zafin Yamai yana wuce digiri 40, rumfa mai gajeren rufi tana tara zafi, gara a ɗaga ta a bar gefe a buɗe. Da damina hadari daga gabas yake tasowa, iska a gaba, ruwa a baya. A ninka igiya ta wannan ɓangaren, a kafa turaku a karkace, a karkata rufin yadda ruwa ba zai kwanta a kai ba. Rairayi ba ya riƙe gajeren turke, sai a danne da buhun ƙasa. Rumfa mai mita 5 a mita 10 tana ɗaukar kujera wajen 50, da hanyar masu rabon abinci a tsakiya.

Murhu kuma iska ce ke zaɓa masa wuri. Da hunturu daga arewa maso gabas take busowa, sai a girke tukwane kudu maso yamma, hayaƙi ya yi nesa da jama'a. Injin wuta a ajiye shi nesa, a sarari, kada a kuskura a sa shi cikin ɗaki ko zaure, hayaƙinsa yana kisa. Wayar wuta a rataye ta sama.

Wurin alwala da wanke hannu, a haƙa rami kamu biyu a gefe, a cika da tsakuwa, a jera butoci a bakinsa. In ba a yi haka ba, kafin azahar ruwan ya gangaro har ƙarƙashin tabarmar dattawa.