Yadda ƙwaron mushe ke nuna lokacin da mutum ya rasu

Jama'a, tambaya ɗaya ke ta dawowa kan wannan batu: "To ai sai a auna tsutsar, a ce kwananta kaza, shi ke nan?" A nan ake kuskure, kuma a nan za mu daɗe.

Bari mu bi farkon da sauri. Ƙudaje ne ke riga kowa isa ga gawa. Sai ƙwaron mushe, wani baƙin ƙwaro mai cin gawa. Macen ta saka ƙwai, tsutsa ta fito, ta wuce matakai 3 tana saɓa fata, ta nutse cikin ƙasa, ta fito cikakken ƙwaro. Da yake ya fi ƙuda jinkirin girma, yakan ba da shaida bayan tsutsar ƙuda ta gama ta tafi.

To, ku natsu. Jikin ƙwaro ba ya riƙe ɗuminsa kamar namu, zafin wurin da yake shi ke tafiyar da girmansa. Ku ɗauke shi kamar mai asusu: kullum yana jefa ɗan zafi, sai asusun ya cika ya shiga mataki na gaba. Kuma kowane jinsi yana da iyakar sanyin da in an yi ƙasa da ita, girma ya tsaya cak.

Ga misali, na sauƙaƙe lissafi ne kawai. A ce iyakar digiri 10 ce, asusun kuma 200 yake ci. Idan zafin wurin 20 ne, cire 10, saura 10 a kullum: kwana 20 ke nan. Idan 30 ne, saura 20 a kullum: kwana 10. Ku ɗauki tsutsotsi biyu, ta wuri mai zafi 20 da ta wuri mai zafi 30. Girmansu ɗaya, amma ɗaya ta ninka ɗaya kwanaki. Tsutsar hunturu da ta bazara ba sa'o'in juna ba ne, ko da sun yi kama kamar tagwaye.

Shi ya sa mai bincike ke barin ma'aunin zafi a wurin da aka tsinci gawar na wasu kwanaki, ya gwada da bayanan tashar yanayi, don inuwar kurmi daban, filin rana daban. Wani abin mamaki ma, masana a Poznan ta ƙasar Polan sun nuna cewa tsutsotsin wani ƙwaron mushe mai suna Necrodes littoralis kan cunkushe wuri guda su ɗumama kansu fiye da iskar wurin. Wanda ya manta da wannan, lissafinsa ya karkace.

A Afirka ta Kudu, Jami'ar Rhodes ta auna yadda zafi ke tafiyar da girman wani ƙwaron mushe mai suna Thanatophilus micans. Wani ƙaramin ƙwaro kuwa, mai suna Dermestes maculatus, masu sayar da busasshen kifi sun san ɓarnarsa sarai. Shi ke zuwa idan gawa ta bushe. Ni a ganina, ya kamata jami'o'inmu su auna girmansa da zafin ƙasarmu, domin magana ce ta haƙƙin mamaci da na wanda ake tuhuma.

Abin da lissafin ke bayarwa shi ne mafi ƙarancin lokaci: tun ranar da ƙwaron ya saka ƙwai. Idan gawar na rufe a ɗaki ko an naɗe ta, mai yiwuwa mutumin ya rasu kwanaki kafin ƙwaron ya same ta.