Kare na kuka da haki bayan an yanke masa ƙafa: ciwo ne ko magani?

[Hoto: kare mai ƙafa uku a kan tabarma, cikin dare, yana haki]

Ku dubi wannan karen da kyau. Jiya aka cire masa ƙafar gaba, aka sallamo shi da ledar magunguna. Yanzu ƙarfe biyun dare ne, yana haki, yana 'yan koke-koke, ya ƙi kwanciya. A nan ne kan masu karnuka ke rabuwa a 'yan kwanakin nan. Wasu na cewa ciwo ne, a ƙara masa magani. Wasu na cewa maganin ne ya yi masa ƙarfi, a dakatar da komai. Wanda ya bi ɗaya daga cikin shawarwarin nan ba tare da ya duba karen ba, yana iya mayar da shi asibiti kafin gari ya waye.

[Hoto: an zazzage magunguna a kan tebur]

Mu fara da abin da ke cikin ledar, a gurguje. Akwai maganin kumburi da raɗaɗi, yawanci meloxicam ko carprofen, ana ba da shi tare da abinci. Akwai gabapentin, wanda aikinsa kwantar da jijiyoyin da aka yanke, duk awa 8 zuwa 12. Sai magani mai ƙarfi na kashe ciwo, na dangin mofin. A Amurka da Turai ana yawan liƙa wa kare filastar fentanyl a fata, tana ɗaukar awa 12 zuwa 24 kafin ta kama jiki, ta yi aiki kamar kwana uku. A wajenmu tramadol aka fi gani. Kowannensu hanyarsa daban, shi ya sa ake haɗa su.

Abu ɗaya kafin mu wuce: da agogo ake ba da su. Kada a jira sai kare ya yi kuka. Ciwon da aka bari ya tashi ya fi wuyar kwantarwa, kuma kare dabba ce mai ɓoye ciwo.

[Hoto: a dawo kan karen, kyamara kusa da fuskarsa]

To, ga inda ake kuskure. Magungunan dangin mofin suna jefa wasu karnuka cikin ruɗewa. Kare ya dinga haki, yana kuka, yana kai-komo, alhali ba ciwo yake ji ba, kansa ne ya juye. Daga nesa ba ka iya bambanta shi da mai ciwo. Idan ka ƙara wa mai ruɗewa magani, ka ƙara rura abin. Idan ka hana mai ciwo magani, ka bar shi da raunin yankan ƙashi da nama ba komai a jikinsa. Don haka sai an gwada, kuma gwajin ba ya wuce minti biyar.

Da farko fitar da shi ya yi fitsari. Ku yarda da ni, kukan dare da yawa mafitsara ce ta cika, karen kuma bai gano yadda zai tashi da ƙafa uku ba. Sa tawul a ƙarƙashin ƙirjinsa ko cikinsa, ka tallafe shi. In ya yi fitsari ya dawo ya yi barci, magana ta ƙare.

In bai daina ba, zauna kusa da shi a ƙasa, ka kira sunansa a hankali, ka shafa kansa.

[Hoto: hannu na shafa kan kare, ya ɗago ido]

Kun ga yadda wannan karen ya dubi mai shafa shi? Ya san wanda ke magana, kukan ya ragu na ɗan lokaci. Mai ciwo ke nan: hankalinsa na nan, lallashi na ratsa shi, sai dai da zarar ya motsa abin ya dawo. Shi kuwa wanda magani ya ruɗa, kamar ba ka wurin. Idonsa na kallon bango, kukan iri ɗaya ne ba hawa ba sauka, ko ka shafa shi ko ka bari duk ɗaya.

Yanzu wanke hannu, ka ɗora tafinka a hankali kusa da ɗinkin, kamar yatsu uku daga bakinsa, ba a kan zaren ba. Ka ɗan danna kaɗan. Mai ciwo zai ƙanƙame jiki, ya waiwayo, ya lashe leɓe, ko ya yi gurnani. Mai ruɗewa ba zai kula ba. A yi hattara da fuska a nan, don kare mai ciwo yana iya cizon ubangidansa, kuma ba laifinsa ba ne. Irin wannan dannawar tana cikin ma'aunin ciwo na Jami'ar Glasgow da likitocin dabbobi ke amfani da shi a asibiti.

Sai ka dubi agogo. Wannan ne mutane suka fi mantawa, kuma a ganina shi ya fi faɗin gaskiya. Kukan ya fara ne awa ɗaya ko biyu bayan shan magani? Zargi maganin. Ya fara ne gab da lokacin sha na gaba, sa'ad da ƙarfin na baya ya ƙare? Zargi ciwo. Rubuta lokacin kowane magani da lokacin kowane kuka a takarda, ka ɗauki bidiyon minti ɗaya da wayarka. Da waɗannan biyun likita zai san ko ya rage, ko ya ƙara, ko ya canza. Kai dai kada ka canza da kanka.

[Hoto: kare na barci, ya zabura da ihu, ya koma ya kwanta]

Akwai kuka iri na uku. Kare na kwance lafiya, sai ya ƙwalla ihu kamar an soke shi, ya waiwaya wurin ƙafar da babu, bayan daƙiƙoƙi ya yi shiru. Wannan jijiya ce, kuma aikin gabapentin ke nan. Shi gabapentin yana sa barci da tangaɗi a kwanakin farko, ga kuma mai koyon tafiya da ƙafa uku, sai ka ji tausayi ya kama ka. Yawanci yana raguwa cikin 'yan kwanaki. In ya kai kare ba ya iya miƙewa, a kira likita ya rage. Ba a yanke shi farat ɗaya bayan an daɗe ana sha. Kuma a guji na ruwa irin na mutane, don wasu na ɗauke da xylitol, sinadarin zaƙi da ke kashe kare.

Game da tramadol, jikin kare ba ya sarrafa shi yadda jikin mutum ke yi, sauƙin da yake bayarwa kaɗan ne. Kada a dogara da shi shi kaɗai bayan tiyata irin wannan. Ga ɗaci. Ka cusa shi cikin tsoka, kare ya cinye naman tas, ya ajiye maka ƙwayar a ƙasa yana kaɗa wutsiya. Duba ƙasa bayan kowace ba da magani.

[Hoto: sirinji da kwalbar magani, sai ƙwaya ɗaya a tafin hannu]

Maganin da ya fi shiru shi ya fi haɗari. Meloxicam bayan ranar farko miligiram 0.1 ne ga kowane kilo, sau ɗaya a rana. Kare mai kilo 20, miligiram 2 ke nan. Ƙwayar mutane ta kemis kuwa 7.5 ce ko 15. Ka ba shi ta 15, ka ninka masa fiye da sau bakwai. Ibuprofen da diclofenac kada su kusanci bakinsa, farasitamol ma sai likita ya auna. Kada a haɗa maganin kumburi biyu, kada a haɗa shi da prednisolone ko dexamethasone, domin haɗin yana huda ciki.

Amai, zawo, ƙin abinci, kashi baƙi wuluk kamar kwalta, ko dasashi ya yi fari ko rawaya: a nan kam dakatar da maganin kumburin nan take, ka kira likita. A lokacin zafi kuma ruwa ya kasance a gabansa kullum, don karen da bai sha ruwa ba aka ɗura masa wannan magani, ƙodarsa ce ke biya. Rashin yin kashi na kwana uku zuwa huɗu bayan tiyata ba abin tsoro ba ne. Rashin fitsari na yini guda da kwana, wannan abin gaggawa ne.

[Hotuna a jere: ƙanƙara cikin tawul, abin wuya mai kama da mazurari, tabarma a kan tayil]

Sauran kuna gani da idonku. Ƙanƙara a naɗe cikin tawul, minti goma, sau uku a rana, kwana ukun farko. Abin wuya ya zauna har a cire zare, kwana 10 zuwa 14. Tabarma ko kafet a kan tayil saboda santsi. A kwantar da shi a ɗaki, nesa da ƙudaje, don suna iya sa wa ɗinki tsutsa. In akwai filastar fentanyl, kada zafi ya taɓa ta, kada ya tauna ta, kada yaro ya ɗauka.

Kumburi mai laushi kamar ruwa a leda a ƙasan ɗinkin yana faruwa, jiki kan shanye shi. In wurin ya yi zafi, ya yi ja, yana wari ko fitar da mugunya, ko ɗinkin ya buɗe, a kai shi asibiti a ranar.